Tambayi Baba Akawu: Ba ni da kafin alƙalami, zan iya samun bashin gida?

Assalamu alaikum Baba Akawu. Ni ma'aikacin gwamnatin tarayya ne a nan Zariya, shekarata 38, shekara 11 ke nan ina aiki. Abin da ke shigo mini a wata bayan an cire komai naira 140,000 ne. Ina haya a ciki biyu da falo a Tudun Jukun, bana mai gida ya ɗaga kuɗin daga 350,000 zuwa 500,000, ya ce in ba zan iya ba akwai masu jira. Ko fegi ban taɓa mallaka ba. Ƙanena da ke karatu a Ingila ya ce a can akwai bankin da ke ba mutum bashin gida ba tare da ya ajiye ko sisi ba, muddin ya nuna yana biyan haya a kan kari. A nan kuwa duk bankin da na leƙa sai a ce in kawo nawa kason tukuna, wani kashi 20, wani 30, alhali abin da ke asusuna bai kai 200,000 ba. Shin akwai irin wancan tsarin a Najeriya?

Baban Ummi, Tudun Jukun

Wa alaikumus salam Baban Ummi. Ƙanenka bai yi maka ƙarya ba. A 2023 wani gidan lamuni a Ingila mai suna Skipton ya fito da tsarin da ke ba ɗan haya kuɗin gida gaba ɗaya, in ya kawo shaidar cewa ya yi shekara yana biyan haya ba fashi. Abin da ƙila bai gaya maka ba shi ne a can Ingila an taɓa ƙonewa da irin wannan. Bankin Northern Rock ya riƙa ba mutane har kashi 125 na darajar gida, a 2007 masu ajiya suka yi layi a ƙofarsa kowa na neman kuɗinsa, daga ƙarshe sai da gwamnati ta karɓe shi. Wato kafin alƙalamin nan ba mugunta ce kawai ta masu banki ba. Shi ne abin da ke sa mai bashi ya ji cewa in gidan ya salwanta, har da guminsa a ciki.

To mu dawo gida. Akwai, amma ba a bankunan kasuwancin da ka yi ta zarya ba. Waɗannan ka ma daina ɓata takalminka. Kuɗin ruwansu ya haura kashi 25 a shekara. In suka ba ka miliyan 5 a kan kashi 28, ruwan kaɗai ya kusa 117,000 a wata, uwar kuɗin tana nan ba a taɓa ta ba. Da me Ummi za ta ci abinci?

Ɗauko takardar albashinka ta watan jiya. Za ka ga wani ɗan layi da aka rubuta NHF, ana cire maka kashi 2.5. Wannan Asusun Gidaje na Ƙasa ne, dokarsa tun 1992 take, kuma Bankin Lamunin Gidaje na Tarayya, FMBN, ke riƙe da shi. Shekara 11 kana zubi a wani adashe da ba ka taɓa tambayar ranar kwasarka ba! Ba kai kaɗai ba ne. Lokacin da nake sakataren ƙungiyar gama kai ta ma'aikata a Samaru, cikin mutum 10 da kyar 2 suka san abin da layin nan ke nufi, wasu ma haraji suka ɗauke shi. Duk wanda ya yi wata 6 yana zubi yana da damar neman bashin gida a kan ruwa kashi 6, biya har zuwa shekara 30. Tun 2018 bankin ya sauke kafin alƙalami: bashin da bai wuce miliyan 5 ba babu ko kobo, daga nan zuwa miliyan 15 kuwa kashi 10. Da can kashi 10, 20 da 30 ne. Rufin bashin ya daɗe a miliyan 15, daga baya aka ɗaga shi zuwa miliyan 50, amma wannan ba maganar ni da kai ba ce.

Abin farko da za ka yi, yau ba gobe ba, ka danna *219# a layin da ka yi rajista da shi, ka ga ko abin da ake cire maka yana isa inda aka nufa. Cirewa daban, kaiwa daban. Na sha ganin wanda aka yi shekaru ana yanka masa, da ya je neman bashi aka ce ba a ga sunansa ba. In ka ga giɓi, ofishin albashinku za ka fara, sannan ofishin FMBN da ke Kaduna.

Yanzu kawo alƙalami mu yi lissafi, don nan ne mafarki ke haɗuwa da gaskiya. Ƙa'ida ita ce abin da za a riƙa cire maka kada ya wuce kashi ɗaya cikin uku na abin da kake samu. Naka ke nan wajen 46,600. Sannan shekara 30 ɗin nan ta ɗan shekara 30 ce. Kai da kake 38, shekara 22 suka rage maka ka cika 60, a kansu za a yi maka lissafi. Miliyan 5 a shekara 22 zai kama kusan 34,000 a wata. Iyakar abin da albashinka zai iya ɗauka bai wuce miliyan 6.8 ba. Hayar da mai gidanka ke nema, in ka raba ta wata 12, kusan 41,700 ce. Ka ga tazarar ba ta da yawa. A takarda dai, kai mai iya mallakar gida ne.

Sai dai ina gidan miliyan 5 a Zariya yau? Buhun siminti ya kai wajen naira 10,000. A Hanwa ko GRA, kuɗin nan ko fili ba zai saya maka ba. Sai ka nausa can bayan Dakace, ko Nagoyi, ko ƙauyukan da ke bayan Basawa da Bomo, nan ma sai an dace. Saboda haka a ganina tsarin babu kafin alƙalami, a yadda farashi yake yanzu, riga ce da aka ɗinka wa yaro, yaron ya girma. Mai yiwuwa dole ka haura miliyan 5, ka faɗa cikin masu kawo kashi 10.

Nan ne kuɗin fanshonka zai yi maka rana. Dokar fansho ta 2014 ta yarda ma'aikaci ya taɓa wani abu daga asusunsa don biyan kafin alƙalamin gida, amma sai a Satumban 2022 hukumar kula da fansho, PenCom, ta fitar da ƙa'idojin. Za ka iya ɗaukar har kashi 25 na abin da ke ciki, in an yi maka zubi na wata 60 aƙalla, kuma in ya rage maka shekara 3 ko fiye kafin ritaya. Duka biyun ka cika. Sau ɗaya ake yi a rayuwa, kuma kuɗin ba hannunka zai shigo ba, kai tsaye bankin lamunin za a tura wa. A ce kana da miliyan 3.2 a asusun. Rubu'insa 800,000. Gidan miliyan 7.5 kafin alƙalaminsa 750,000 ne, ragowar miliyan 6.75 kuwa za a riƙa cire maka kusan 46,000 a wata. Ya shiga cikin ma'auninka, da kyar dai, kamar ƙafa a takalmin Sallar bara. Ka tuna kuma wannan kuɗin na tsufanka ne ka ci tun yanzu. Ni ban ga laifi ba in dai gida za a saya da gaske, don tsoho mai gidan kansa da ƙaramin fansho ya fi tsoho mai fansho da yawa da ke jiran sallamar mai gida. Abin da ban yarda da shi ba shi ne masu bin ofis-ofis suna ce wa ma'aikata za su fitar musu da kashi 25 ɗin a tsabar kuɗi da takardun gidan bogi, su yanki nasu. Wanda ya bi su, sunansa ne a kan takardar ƙarya, kuma ya ƙone damarsa ta sau ɗaya a kan babur ko kayan ɗaki.

Akwai kuma tsarin haya har ka mallaka na FMBN. Ka tare a gidan, kana biya wata-wata kamar haya, ruwa kashi 7, babu kafin alƙalami, ranar da ka gama ya zama naka. Shi ya fi kama da abin da ƙanenka ya ba ka labari. Matsalarsa ba kai za ka zaɓi gidan a unguwar da kake so ba, sai cikin rukunin gidajen da bankin ya amince da su. Ka tambaye su abin da suke da shi a ɓangaren Zariya. In suka nuna maka na Kaduna, ka tuna kilomita 80 ne tsakani, kuɗin mota zai cinye ribar.

Duk wannan da na zayyana maka, ba shi ne babban shingen ba. Bari in ba ka labarina. A 1998 na sayi fegi a bayan Hayin Dogo. Aka yi ciniki a zauren mai unguwa, shaidu 4, aka rubuta takarda a fallen littafin makaranta, aka buga hatimi, aka yi addu'a, aka raba goro. Na yi ta ɗora bulo a hankali har ginin ya kai linta, sai kuɗi suka tsaya. Damina biyu tana dukan bangon. Na ɗauki takardata na sa a sabon ambulan, na nufi wani bankin lamuni ina taƙama, ga fili ga gini, kuɗin kwano kawai nake nema. Yaron da ke teburin, sa'an ɗana, ya juya takardar gaba da baya, ya miƙo mini da hannu biyu cikin ladabi, ya ce, "Baba, wannan ai rasit ne." Na ji kamar in nutse. Amma gaskiyarsa. Dokar filaye ta 1978 ta damƙa ƙasar kowace jiha a hannun gwamna, kuma ba a jinginar da fili a banki sai da amincewarsa. Takardar mai unguwa shaida ce cewa an yi ciniki, tana da amfaninta ranar rigima, amma banki ba ya karɓar ta jingina. Abin da yake so shi ne takardar mallaka ta gwamnati, wadda kowa ke kira C of O.

Ka zaga cikin Birni, daga Ƙofar Doka zuwa Ƙofar Gayan, ka ƙirga gidajen da ke da ita. Yawanci gidajen gado ne, kakan kaka ya gina, magada 20, wasu suna Legas wasu sun rasu sun bar nasu magadan. Gidan da kuɗinka zai iya saya galibi ba shi da takarda, wanda ke da takarda kuma ya fi ƙarfin aljihunka. Wannan ita ce ainihin matsalar mai neman bashin gida a garin nan, ta fi ta kafin alƙalami nesa ba kusa ba. Don haka duk gidan da dillali ya nuna maka, kafin ka tambayi ɗaki nawa ne, tambayi takarda. In an ce akwai, karɓi lambarta ka kai KADGIS, hukumar da ke riƙe da rajistar filayen jihar Kaduna, a bincika maka: sunan wa ke kai, an taɓa jinginar da shi, yana kan hanyar da gwamnati ta shata? Mun ga yadda aka yi rusau a garin nan, ba sai na tuna maka ba. Kuma kada ka aiki dillalin ya yi maka binciken. Zuwa da kai ya fi aike.

Sannan ka cire wa ranka cewa babu kafin alƙalami na nufin babu kashe kuɗi. Ba FMBN za ka je kai tsaye ba, ta hannun bankin lamunin gidaje mai lasisin Babban Banki ake bi, su kuma suna da kuɗin aikinsu. Akwai mai ƙiyasta darajar gida, akwai lauya, akwai kuɗin amincewar gwamna da rajista da hatimi, akwai inshora, ga shaidar biyan haraji ta shekara 3, ga la'adar dillali. Ba ɗaya daga cikinsu da za a ɗauka daga fanshonka. Ni dai ba zan ba ka shawarar ka fara ba sai kana da kamar rabin miliyan a gefe. Kuma abin ba ya sauri. Na san waɗanda suka yi fiye da shekara suna jira, har mai gidan ya gaji ya sayar wa wani ɗan kasuwa da ya zo da kuɗi a buhu. Ka nemi mai gidan da zai yarda a rubuce cewa zai jira.

Da ni ne kai, ga abin da zan yi. Zan lallaɓa mai gida in biya hayar bana, ko a kashi biyu. Zan shiga ƙungiyar gama kai ta wurin aiki in riƙa zuba 20,000 duk wata, a cire tun daga sama kafin albashi ya iso hannu, don kuɗin da ya kwana a aljihu ba ya wayar gari. Irin waɗannan ƙungiyoyi sukan ba mamba ninkin abin da ya tara. Da wannan ko dai ka samu kuɗin takardu, ko kuma ka sayi fegi a shatin gwamnati ka yi masa takarda da sunanka, sannan ka nemi bashin gini, don FMBN na bayar da shi ga mai fili mai takarda da zanen gini da KASUPDA, hukumar tsara birane ta jihar Kaduna, ta amince. Ni ta ƙungiyar na samu kuɗin kwanon da banki ya hana ni. Mun tare a 2009, ɗaki biyu ne kawai ke da ƙofa, sauran labule muka sa. Ka gaida Ummi da mamanta.

*

Baba Akawu, barka da aiki. Ni ma'aikaciyar jinya ce, maigidana yana da shagon atamfa a kasuwar Sabon Gari. Muna so mu haɗa ƙarfi mu sayi gida, amma ya ce shi ba zai kwana a gidan da aka saya da kuɗin ruwa ba, ko kashi 1 ne. Akwai mafita?

Maman Haidar, Muciya

'Yata, ni akawu ne ba malami ba, hukuncin kashi 6 ɗin nan ku kai shi gaban malamin da kuka yarda da iliminsa. Amma kada ki matsa wa maigidanki. Mutumin da zuciyarsa ba ta kwanta da bashi ba, duk ƙarshen wata sai an yi rigima a gida.

Mafita akwai. Bankunan da ba sa mu'amala da ruwa sun yi yawa yanzu: Jaiz ya fara aiki a 2012, TAJ a 2019, Lotus a 2021. Hanyoyinsu uku ne aka fi sani. Ko banki ya sayi gidan ya sayar muku da riba sananniya ku biya a hankali, wato murabaha. Ko ya saya ya ba ku haya har ku mallaka, wato ijara. Ko ku yi tarayya, kuna sayen kason bankin kaɗan-kaɗan kuna biyan hayar abin da ya rage nasa, har ya fita. Kada dai ku shiga da zaton araha. Babu ruwa, amma akwai riba, kuma jimillar abin da za ku biya tana iya fin ta asusun NHF nesa, shekarun biyan ma ba su kai nasa tsawo ba. Su ma suna neman kasonku tun farko, suna neman C of O. Ku ce a rubuta muku jimillar kuɗin daga farko har ƙarshe a takarda ɗaya. FMBN ma ya yi shelar tsarin da babu ruwa, in kin je ofishinsu ki tambaya da sunansa. Shi maigidan, ko da yake ba ma'aikaci ba ne, yana iya yin rajistar NHF a matsayin mai sana'ar kansa. Abin da zai taimake shi shi ne cinikin shago ya riƙa bi ta asusun banki, don banki ba ya karanta littafin bashi na ƙarƙashin kanta.

Ga wadda ba ki tambaya ba, amma zan faɗa, don ina da 'ya'ya mata 3. In albashinki ne za a riƙa yanka, ko fanshonki ne zai zama kafin alƙalami, to sunanki ya hau takardar gidan tare da nasa, a rubuta kason kowa, da shaidu. Ba zargin kowa nake ba. Rai ne, kuma ranar rabon gado takarda ake karantawa, ba a tambayar wa ya yi aikin dare a asibiti. Ki kawo maganar cikin hikima, bayan an ci an ƙoshi. In kin ga da nauyi, ki ce Baba Akawu ne ya ce.

*

Baba, wani ya sa ni a wani zaure na WhatsApp, sun ce gidajen gwamnati ne za a raba a hanyar Shika, babu kafin alƙalami, fom kawai za a saya 150,000, kuma ranar Juma'a za a rufe. Har hoton gidajen sun turo. In biya?

Ɗan Kwangila

Kada ka biya, ɗana. Banza ba ta kai zomo kasuwa. Dubi asusun da suka ce a tura kuɗin, na tabbata sunan mutum ne ba na hukuma ba. Daga Kwangila zuwa Shika kuɗin mota kaɗan ne. Ka ce su faɗa maka daidai inda gidajen suke, gobe da safe ka je ka taɓa bangon da hannunka, ka tambayi mai gadi wa ya gina. Sannan ka ce su ba ka sunan bankin lamunin da suke aiki da shi, ka duba ko yana cikin jerin masu lasisi na Babban Banki. Ka yi waɗannan tambayoyi biyu a cikin zauren, a gaban kowa, ba ta bayan fage ba. In ba su cire ka ba kafin la'asar, ka sake rubuto mini.